Kayan da Kika Bari a Gwange

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Gombe lafiya, ke da 'yan rakiyarki. Allah ya shimfiɗa muku hanya, ya tsare direba daga gyangyaɗi da gaggawa, ya sa ki shiga gidan mijinki da ƙafar dama. Ki gaishe mini da shi, ki gaishe da iyayensa da kyau.

Ina rubutun nan ne a gindin darbejiyar tsakar gida, bayan la'asar. Ina jiyo gwaggonninki suna ɗaure sababbin kayan ɗakinki, suna gardamar wace tukunya ce za ta shiga cikin wace. Rubutuna kin san shi, na yaƙi da jahilci ne, sai ki bi shi a hankali.

Ɗazu kin tsaya a bakin ɗakinki kina nuna mini abin da ba za ki tafi da shi ba: tsohuwar katifa, bokitai, fitila, takalman da suka matse ki, da ɗan teburin da kika yi karatu a kansa. Kika ce, “Baba, ko a zubar, ko a kira 'yan gwangwani, duk wanda ya fi maka sauƙi.” Na ce to. Bakin nan nawa yana iya cinikin bijimi tun hantsi har rana ta karkata, amma a gabanki nauyi yake yi. Amsar ta fi “to” tsawo, shi ya sa na nemi takarda.

Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, don haka ban taɓa kiran ki da komai ba sai Ummi. Ba ki riske ta ba. Mu masu bin shanu ne a da, can gaba da Konduga. Idan ciyawa ta ƙare za mu tashi, gidanmu kaf a bayan takarkari ɗaya yake hawa: tabarmin rufa bukka, ƙore, ƙaramin turmi, tukwane, salkar ruwa. Ita kuma Inna ta hau saman kayan ta zauna. Har yau in na lumshe ido ina ganin ta can sama, tana lilo da tafiyar san, ƙorenta na bugun juna kamar mata masu hira ƙasa-ƙasa, jajayen shanu a gaba suna ratsa raɓa.

Abin da ya fi ƙarfin takarkari ba ta jefar da shi. Sai ta wanke shi tas, ta kife a gindin bishiya, ta danne da guntun itace. Wata rana na ga ta yi wa wani tulu haka, tulu mai kyau, ko tsaga babu.

Na ce, “Inna, wa kika bar wa?”

Ta ce, “Mai zuwa.”

“Wane ne shi?”

“Ban san shi ba, amma yana tafe.”

Da damina ta zagayo muka dawo wurin, babu tulu. A gurbinsa sai wani maburgi, an soke shi a cikin ƙasa don kada iska ta kayar. Inna ta zaro shi, ta jujjuya, ta yi murmushi ta ce, “Ashe ya zo.” Da maburgin nan ta yi ta kaɗa mana miya har na girma. Abin da ya fashe kuwa ba ma tunaninsa. Sakaina ce, ko igiyar kaba, ko tsohuwar fata, a bayan bukka ake wurgawa, damina ɗaya gara da ruwa su mayar da su ƙasa.

Da fari ya cinye mana garke na shigo Maiduguri, na zama dillali a Kasuwar Shanu, na auri mahaifiyarki Yagana, muka zauna a nan Gwange. Halin Inna na wanke abu a bar wa mai zuwa, a daji na manta shi. Wurgi a bayan bukka ne kawai ya biyo ni birni. Ban lura ba cewa kayan birni ba sa ruɓewa.

Lokacin da aka yaye ki na ajiye wata jar saniya a gida saboda madararki. Saniya ce mai sanyin hali, in kika yi kuka takan daina tuƙa ta juyo tana kallon ɗaki. Da rana ana sakin ta ta zaga filin da ke bayan layinmu, inda kowa ke zubar da shara, har da ni. Sannu a hankali ta fara ramewa. Haƙarƙari a waje, ciki kuwa ya yi tauri kamar ganga. Na ba ta dusa, na ba ta kanwa, na kira likitan dabbobi. Ya lallatsa cikin ya ce a yanka tun ba ta zama mushe ba.

Modu mahauci, abokina na kasuwa, shi ya yi aikin. Da ya farke tumbin sai ya yafuto ni.

“Malam Adam, zo ka ga abincinta.”

Dunƙulen leda ne ya cure da igiya da tsummoki, mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaga shi. Ina cikin kallo na hangi wani yanki shuɗi mai ratsin fari. Tabarmar roba ce ta gidanmu. Da ta yage, ni na naɗe ta, ni na cilla ta filin da hannuna, har ina jin daɗin na rage datti. Ke kuma kika yi kwanaki kina zuwa turkenta da ɗan kofinki.

Don haka, Ummi, zubarwa ta zama ita ce ƙarshen abin da za ki yi tunani. Abin da kika cilla bayan katanga bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran cikin akuyar wani, ko magudanar ruwan unguwa. Wanda ya mutu murus, babu gyara babu amfani, ki ɗaure shi da kyau ki kai inda motar shara ke kwasa, ko da nisa. Kada ki ce ai kowa a nan yake zubarwa. Ni ma haka na ce.

Sai shekarun nan da ƙauyuka suka ƙi zaunuwa. Kina 'yar makaranta lokacin, za ki iya tuna mutanen da suka yi ta kwararowa daga wajen Konduga, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar itace, ba su riƙe da komai sai 'ya'yansu. Aka sauke wasunsu a makarantar firamaren unguwa. Malama Saratu maƙwabciyarmu, mutuniyar Biu da ke koyarwa a makarantar, ita da matan cocinsu da matan layinmu suka riƙa bi gida-gida suna tara musu kaya.

Ranar da ta zo gidanmu mahaifiyarki ba ta nan. Ni kuwa har daɗi na ji, domin na sami inda zan kai tarkacen da ya cushe mini zaure. Na fito da risho mai tsatsa, da tabarmar da tsakiyarta ta cinye, da wata fanka, da bokitin ƙarfe wanda gindinsa ya huje. Na jera su ina jiran godiya.

Malama Saratu ta ɗaga bokitin, ta saita shi da rana, haske ya ɓullo ta ƙasa. Ta ce, “Baban Ummi, wannan ba su ka yi, ko kuwa aikin kai maka bola ka ba su?”

Na ce, “Malama, wanda ba shi da komai ai ba ya zaɓe.”

Ta dube ni jim, ta ce, “To, Allah ya amfana.” Kunyata ta ji, ta kwashe.

Bayan 'yan kwanaki ina tafiya kasuwa da sassafe, na bi ta wajen famfon burtsatse. Layi ya yi tsawo har ya lanƙwasa. Sai ga wata mata ta fito daga cikin taron da goyo a baya, bokiti a ka, tana gudu. Ruwa na zubo mata ta fuska, yana sauka a kan jaririn. Ta cusa tsumma a hujin, amma bai riƙe ba. A jikin bokitin ga shaidar gidanmu, irin zanen da muke yi wa shanunmu, wadda na yi da jan fenti.

Na ce, “Baiwar Allah, ɗan tsaya.”

Ba ta ko waiwayo ba. Da Hausarta mai nauyin Barbarci ta ce, “Baba, in na tsaya ruwa zai ƙare.”

Ta bar layin ɗigo a kan yashi, siriri kamar zare. Na bi shi ban san dalili ba, ina tafe yana bushewa a gabana, har ƙofar makarantar. Ta taga na hangi fankata a kusurwar wani aji da ko wayar lantarki babu. An shanya mata wandon yaro.

Na fasa zuwa kasuwa, na koma na gaya wa mahaifiyarki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta juye ruwan da ke cikin sabon bokitinta a randa, ta goge shi, ta yafa lafayarta. A bakin ƙofa ta ce, “Daga yau duk abin da za a bayar, a ba ni in kai da hannuna. Wanda na ji kunyar miƙawa, ba zai fita gidan nan da sunan sadaka ba.”

Ki riƙe maganar nan tata, ta fi tawa. Kafin ki ba da abu, ki wanke, ki gyara, ki gwada shi kamar ke za ki yi amfani da shi gobe. Kuma ki tambaya. Mutumin da ya rasa gida bai rasa hankalinsa ba, ya san abin da yake bukata. Wata bargo take nema, wata tukunya, wata kuma allura da zare kawai. Idan ta hannun wasu za ki bayar, masallaci ne ko ƙungiyar mata, ki ji daga bakinsu me ake nema a wannan makon, kada ki sauke musu buhun da za su wuni suna tsincewa.

Za ki ce to, shi hujajjen bokitin ina ya kamata ya je? Mahaifiyarki ce ta nuna mini. Tana da wasu tukwanen dalma da gindinsu ya cinye, ta ce in raka ta wurin masu zubin tukwane. Wata rumfa ce mai baƙin hayaƙi a cikin lungu. Suka farfasa tukwanen, suka zuba a kasko bisa wuta, ana ta zuga. Ina kallo tukunyar da aka dafa abincin sunanki a ciki ta yi laushi, ta durƙusa, ta narke. Da aka kwashe dattin sama sai ga abu yana sheƙi yana rawa, kamar an kamo farin wata an sa a kasko. Suka tuttula shi cikin yashin da suka yi wa siffa. Ba a jima ba aka fasa yashin, sai ga sabuwar tukunya tana huci. Na koma gida kamar wanda ya yi mafarki da rana.

Daga nan sai na zarce. Duk ƙarfen da na gani a gida, ina jin mai kura yana kiran gwangwani a layi sai in fito da shi. Akwai wani keken ɗinki na kakarki ta wajen uwa, ya daɗe a zaure, ya cije ba ya juyawa. Wata rana na ciccibe shi na ba su, aka rataya a sikeli kamar tsohon gatari. Ban tambayi kowa ba.

Ashe mahaifiyarki ta yi alkawarinsa. Akwai wata mata cikin mutanen makarantar nan, mai ɗinki ce a garinsu, mijinta bai samu fitowa ba, ya bar ta da yara. Har an yi magana da mai gyara, ya ce mai kawai keken yake so da wani ɗan ƙarfe. Washegari matar ta zo da sallamarta, ta riƙo ƙyallayen da za ta gwada shi da su. Mahaifiyarki ta shiga zaure ta fito, ta dube ni. Na sa takalmi na bi 'yan gwangwanin har wurin da suke tarawa. Na tarar an riga an sa masa guduma.

Daga baya mun nemo mata wani, amma sai da Sallah ta wuce, lokacin da ɗinki ke ciyar da mai shi. A sana'armu saniyar da za ta iya haihuwa ba a kai ta mayanka, kowane yaron dillali ya san wannan. Ni da na tsufa a kasuwar ban gane cewa kaya ma haka suke ba. Wuta da guduma na abin da ya gama aiki ne. Wanda ke da sauran rai, a nemi mai gyara, a nemi mai so. Kuma gidan aure za ki zauna, Ummi: kafin ki fitar da komai, ko tsohon cokali ne, ki tambayi mutanen gidan. Wani abin da kike gani tarkace, akwai alkawari a kansa.

Babban kuskurena kuwa kin ga farkonsa da idonki, ƙarshensa ne ba ki gani ba.

Da Allah ya karɓi mahaifiyarki, aka raba gado, danginta suka bar mana kasonsu na kayan ɗaki. Na sa kwaɗo na rufe ɗakin. Katifu, darduma, barguna, zannuwan da wasu ko ɗinkawa ba a yi ba, kwanukan da ta jera har kusa da rufi. Gwaggonki ta yi magana, na ce a bari tukuna. Malama Saratu ta zo lokacin sanyi ta ce akwai masu jego da ke kwana a kan siminti, ko bargo ɗaya ne. Na ce mata ban shirya ba. Ke ma kin taɓa cewa, “Baba, da Mama na nan da ta bayar.” Na yi kamar ban ji ba.

Abin da nake yi shi ne, bayan la'asar in na dawo kasuwa, in buɗe in shiga in zauna a bakin gado. Ƙamshin turaren wutarta ya kama labule da bango. Hasken yamma yana shigowa ta tagar nan, ya sauka a kan kwanukan, su riƙa ƙyalli ɗaya bayan ɗaya. Sai in ji kamar ta leƙa maƙwabta ne, yanzu za a ji ƙarar awarwaronta a zaure. Ina ganin in bargo ɗaya ya fita, wani abu nata ya ragu. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ƙamshin yana raguwa, ni kuma ina ƙara riƙe makulli.

Kina makarantar jinya a Kano madatsar ruwa ta ɓalle, ambaliya ta shigo gari. Kin ji a waya, amma ban gaya miki yadda na fita ba. Da rigar jikina kaɗai na fita, ruwa iya ƙirji, ina riƙe da igiyar da samari suka ɗaura. Aka kai mu kan tudu. Na zauna a bakin titi cikin dubban mutane, rigata ta jiƙe ta yage, ina karkarwa. A gefena wata tsohuwa tana rufe jikanta da buhun siminti. Ni kuwa ina da ɗaki guda cike da barguna, a kulle, a ƙarƙashin ruwa.

Da rana ta yi sama wata mota ta tsaya ana rabon tufafi. Ban taɓa miƙa hannu ba a rayuwata, ranar na miƙa. Wata yarinya sa'arki ta ba ni riga mai ruwan ƙasa, ta ce, “Baba, gwada wannan, ina jin za ta yi maka.” Ba sabuwa ba ce, wuyanta ya ɗan koɗe. Amma an wanke ta, an goge, an ninke. Da na zo sa maɓalli sai na ga ɗaya ya bambanta da sauran, zarensa sabo fil. Wani mutum, a wani gida da ban sani ba, ya zauna ya nemi allura ya ɗinka wa baƙon da bai taɓa gani ba maɓalli. Ummi, ban yi kuka a gaban mutane ba ranar jana'izar mahaifiyarki. Ranar nan na yi, a kan maɓalli.

Da ruwa ya janye muka koma. Ƙofar ɗakin ta kumbura, sai da aka ɓalle ta. Ba zan kwatanta miki warin ba. Katifun sun zama laka, zannuwan sun manne da juna, in ka ja sai su rabe a hannunka. Malama Saratu, wadda nata gidan ma ruwa ya ci, ta zo da tsintsiya da shebur ta taya mu kwasa. Har muka gama ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Kwanukan suka tafi wurin masu narkawa. Sauran duk mota ta kwashe zuwa bola, kayan da za su rufa wa gidaje da yawa asiri.

Ajiya ma zubarwa ce, sai dai ita a hankali take yi. Ki riƙe abu ɗaya ko biyu na wanda kike ƙauna, babu laifi, zuciya tana son abin taɓawa. Amma kada ki mayar da ɗaki kabari. Yanzu an cika miki gida da sababbin kaya, na ga wasu ma iri ɗaya har uku. Duk shekara, kafin sanyi ya shigo, ki buɗe akwatunanki. Abin da damina da rani suka wuce ba ki taɓa ba, ba naki ba ne kuma, mai shi yana wani wuri yana jin sanyi.

Kayan da kika bari ga yadda zan yi da su. Katifar zan kai a sake mata riga, akwai mai gadin layinmu da ke kwana a kan kwali. Teburin na 'yar autar Malama Saratu ne, na riga na tambaya, tana so. Takalman za a wanke a kai wa mai gyara. Fitilar na gwada, ta mutu, ita da wanda ya fashe cikin bokitan 'yan gwangwani za su ɗauka. Abin da zai je bola bai fi cikin leda ɗaya ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya miki ba. Kin tuna akwatin ƙarfen da ke saman kabad, shi kaɗai ruwa bai kai gare shi ba. Lafayoyin mahaifiyarki ne a ciki. Da kika zo hutu kika zaɓi biyu, sauran na ce Malama Saratu ta raba wa matan da ruwa ya bari ba sutura. Ban tambayi su wa ta ba ba.

Wata Juma'a da hantsi ina tsallaka gadar Gwange, sai na hangi mahaifiyarki a gabana. Lafayarta ce mai ruwan ganyen zogale da ɗigon fari, wadda take yafawa ranar Sallah. Iskar kogi tana ɗaga gefenta. Na san ta rasu, ni na sa ta a kabari da hannuna, amma ƙafafuna ba su sani ba. Na bi ta. Hayaniyar masu Keke da masu talla duk ta yi nisa, kamar ana yin ta a wani gari. Na matso har na ga 'yar ƙunar da garwashin turare ya yi wa bakin lafayar, wadda ta yi ta mita a kanta.

A ƙarshen gadar matar ta ji takuna, ta juyo. Yarinya ce ƙarama, doguwa, ba ta kama da ita ko kaɗan. Ta ja gefen lafayar ta rufe wa jaririn da ke kafaɗarta rana, yana barci, ya damƙe ƙyallen a hannunsa.

Ta ce, “Baba, lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau, 'yata. Na ɗauka wata ce.”

Ta yi murmushi ta ce, “Ayya. Allah ya sada ka da ita cikin alheri.”

Na ce amin. Na sake cewa amin. Na tsaya riƙe da ƙarfen gadar har koren nan ya shige cikin mutane. Ranar nan, da na koma gida, na ci abinci har na nemi ƙari.

An kira magariba, gwaggonninki sun gama ɗauri, bari in tsaya nan. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare ki daga sharrin ruwa da wuta da na mutum. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya sa gidanku ya zama inda maƙwabci zai shigo ba tare da fargaba ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya jiƙan mai sunanki, ya yi miki albarka duniya da lahira. In kin huta gajiya ki kira ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Adam